Gwamnati Ta Lamunce wa Auta

A gidanmu na unguwar Kusfa bashi ba ya kwana. Dokar Inna ce, mahaifiyarmu, kuma na buɗe ido na tarar da ita kamar yadda na tarar da rijiyar tsakar gida. In gishiri ya yanke mata tana tsakiyar miya aka ɗebo mata a maƙwabta cikin murfin kwano, to kafin a kira magariba murfin nan zai koma, kuma a cike fiye da yadda ya zo. Akwai ranar da wata mai nono ta manta ragowar kuɗinta ta fice. Inna ta tasa ni, na bi matar nan da gudu lungu-lungu, ban cim mata ba sai da ta kusa fita ganuwa ta wajen Kufena. Da na miƙa mata, ta dube ni ta dubi kuɗin, ta ce ai da na bari, gobe ma za ta zo. Na dawo ina haki na faɗa wa Inna. Ta ce, “Ita ta san za ta zo gobe. Ni na san zan kai goben?”

Ni ce 'yar fari, don haka Inna ba ta taɓa kama sunana ba. Ina ƙarama “ke” ce ni. Da na fara koyarwa a firamare aka yi mini ƙarin girma na koma “Malama”, kuma yadda take jan kalmar kowa ya san ba yabo ba ne. Autanmu kuwa, wanda ya zo bayan kowa ya ɗauka an gama haihuwa a gidan, babu wata kunya tsakaninsa da ita. A kwanonta yake cin tuwo har ya fara gemu.

Wanda bai gane tsananin Inna a kan bashi ba, sai ya tsaya ƙofar gida ranar jana'iza. A unguwarmu idan an fito da mamaci an jera sahu, liman ba ya tayar da kabbara sai ya juyo ya tambayi jama'a ko akwai mai bin sa bashi. In akwai, mutum ya yi magana: ko dai ya ce ya yafe, ko wani cikin dangi ya ce ya ɗauka. Inna ta riƙe abin da ta ji a bakin malamai, cewa mai bashi ba ya samun sakewa a kabarinsa sai an sauke masa.

Ranar da Baba ya rasu mata sun cika ɗaki ana ba ta haƙuri, sai kawai ta miƙe ta ratsa su, ta je ta tsaya bayan ƙyauren zauren ciki ta kasa kunne. Na bi ta, don na ɗauka faɗuwa za ta yi. Muka ji liman ya yi tambaya. Aka yi shiru. Ya maimaita, aka sake yin shiru. Sai da aka yi kabbara sannan ta ce, “Alhamdu lillahi, Malam ya tafi wuyansa sakayau,” ta koma ɗaki ta fara kukanta. Baba maɗinkin manyan riguna ne, bai bar mana gona ba, bai bar shanu ba. Allurai ya bari, da ragowar zare, da wannan shirun. Kuma Inna ta riƙa ba baƙi labarin shirun nan kamar yadda wasu ke ba da labarin zuwansu Makka.

Auta ya shiga jami'a yana karanta tattalin arziki. Muka yi ta lallaɓawa, ni da ɗan albashina, Inna da ɗinkin hula, har ya wuce rabi. Sai aka wayi gari kuɗin makaranta ya yi sama, ya kai inda ko da tsani ba ma taɓo shi. Idon Inna kuma ya fara gajiya, hular da take gamawa kafin a ankara ta koma cin wata guda. A lokacin ne gidajen rediyo suka fara maganar lamunin karatu. Gwamnati za ta biya wa ɗalibi kuɗin makaranta, ta riƙa ba shi ɗan na kashewa duk wata, babu kuɗin ruwa, shi kuma ya biya bayan ya gama bautar ƙasa ya samu abin yi. Ni na ce wa Auta ya nema, kuma in aka dawo da ranar haka zan sake cewa. Ko dai wannan, ko ya tattaro ya dawo gida da rabin digiri, wanda ko ƙosai ba a naɗewa da shi.

Da aka amince masa, muka je tare mu faɗa wa Inna. Muka same ta a kan tabarma gindin lemon tsakar gida, ta kai hula kusa da hancinta tana neman inda allura za ta shiga.

Auta ya ce, “Inna, gwamnati ce ta fito da lamunin karatu. Na nema, kuma na samu.”

Ta sauke hular. “Ta lamunce maka?”

“E to, kusan haka ne.”

“Gwamnati da kanta? Ikon Allah!”

Na ga inda maganar ta nufa, na yi maza na ce, “Inna, lamunin nan fa irin wanda ake mayarwa ne.”

“Ke Malama, ni za ki koya wa Hausa? Ai kowane alheri mayar da shi ake yi. In ya zama mutum ya yi wa ƙasa aiki, ba ya mayar ba ke nan?”

A bakin Inna, da bakin duk tsofaffin da na sani a cikin gari, lamuni shi ne babba ya ce wa ƙarami: je ka, na lamunce maka, abin da ya biyo baya yana wuyana. Mutanen rediyo ne suka ɗauko wannan kalma mai mutunci suka sa wa bashi ita kamar babbar riga, don kada a gane shi a taro. Na sake buɗe baki, Auta ya taka mini ƙafa, Inna kuma ta riga ta ɗaga hannu tana yi wa gwamnati addu'a. Matar da in aka ɗauke wuta sai ta ambaci gwamnati da abin da ba zan rubuta ba, yau ita ce ke roƙa mata gamawa lafiya. Ni dai na faɗa, kuma lemon nan shaida ne.

Daga nan aka shiga zamanin alfahari. Duk wata in waya ta yi ƙara kuɗi suka shigo, Auta zai biyo da sukari da madara da ɗan goro ya ajiye mata. Ita kuma duk wadda ta shigo gidan, ko aron turmi ta zo, sai ta ji labari. “Ba ki ji ba? Gwamnati ta lamunce wa Auta.” Da jin yadda take faɗa ka ce gwamnatin ta leƙo cikin gari ne ta duba 'ya'yan mutane ɗaya bayan ɗaya, ta ga babu kamar nata. Ba ta kuma yi rowar alherin ba. Duk maƙwabciyar da ke da ɗa ko 'ya a makarantar gaba, sai Inna ta ce a turo shi wajen Auta ya nema masa, ai arzikin na kowa ne. Zauren Baba ya koma kamar ofis, yara a zazzaune kowa da wayarsa, Inna tana aiko musu da kunu.

Auta ya gama, ya tafi bautar ƙasa can kudu, ya dawo da kaki da takalmin da ya fi ƙafarsa. Aiki kuwa shiru. Ya kai takarda duk inda aka ce ana karɓa, har da inda ba a ce ba. Daga ƙarshe wani ɗan unguwa ya ba shi jiran rumfar cirar kuɗi a bakin titi, yana ƙirga kuɗin mutane daga safe zuwa yamma. Nakan tsokane shi in ce ga mai digirin tattalin arziki, babu arzikin balle tattalin. Da farko yakan yi dariya. Daga baya ya daina, ni ma na daina.

Ba wanda ya zo ya tambaye shi ko kwabo, don lokacin biya bai yi ba. Amma ashe bashi ba sai an tambaya yake cin mutum ba. Yaron nan ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Ya rage cin abinci, ya rage zama majalisa, abu kaɗan ya harzuƙa. Akwai yarinyar da yake so a nan Kwarbai, layin da nake aure, 'yar mutunci, iyayenta ma sun san da shi. Na ce masa ya bari a je a gaisa da manya ko da ba a sa rana ba. Ya ce, “Yaya, da wane bakin? Ni fa albashin da ban taɓa gani ba an riga an gutsura. In sun tambaya me na mallaka, in ce digiri da bashi?” Na ce ai ba shi kaɗai ba ne, duk sa'anninsa haka suke. Ya ce ya sani, a majalisarsu ma wasan da suke yi ke nan, wai wanda ya fara samun aiki shi za a fara yanka. Ya ce amma sauran ba a gidan Inna aka haife su ba. Kullum ya shigo ta tare shi da “ɗan lamunin gwamnati”, shi kuma ya ji kamar an ɗora masa buhu. Tausayinsa ya kama ni ranar.

Wanda ya fasa ƙwan abokinsa ne na jami'a, wani yaro Kirista ɗan Wusasa, uwarsa malamar jinya ce. Duk babbar salla yana gidanmu cin nama, kamar yadda Auta ke zuwa nasu cin shinkafar Kirsimeti. Inna tana ji da shi, don ya iya gaisuwa, kuma ba ya rage abinci. Ranar muna zaune tsakar gida da hantsi ana suya, ta zuba masa soye ta ce, “Kai ma dai an lamunce maka, ko?”

Ya ce, “Ai Mama, duk mun ci. Ni bashin nan ko a coci nake sai ya faɗo mini a rai.”

“Wane bashi?”

“Bashin karatu mana, Mama. Wanda muka ci ni da shi.”

Auta ya ƙware da tsoka. Ni kuma na samu aiki a wajen murhu wanda babu wanda ya sa ni. Inna ta ajiye matsamin nama a hankali, ta juya wajen ɗanta.

“Auta, bashi ne?”

“Inna, lamuni…”

“Ban tambaye ka sunansa na rediyo ba. Ana bin ka?”

Ya sunkuyar da kai ya ce ana bin sa.

Na ɗauka faɗa za ta yi, ko kuka. Sai ta shiga ɗaki ta fito da mayafinta na unguwa, ta zura takalmi, ta ce ya tashi ya kai ta. Ya ce ina? Ta ce gidan mai bin sa mana. A tarbiyyar Inna bashi yana da ladabi. Wanda ake bi shi ke zuwa gaisuwa, ba ya jira a zo masa. Yana zuwa da salla, yana zuwa in an yi haihuwa ko rasuwa, in lokaci ya yi bai samu ba ya je ya durƙusa ya ba da haƙuri. Ga shi an yi shekara da shekaru ana cin kuɗin bawan Allah, ko tuwon salla ba a taɓa kai masa ba.

Auta ya ce, “Inna, ba mutum ba ne, gwamnati ce.”

“To wane ne a cikinta? Ba shi da zaure?”

Ya ciro waya ya latsa, ya nuna mata. Ta karɓa ta kai kusa da hancinta kamar hula, ta juya bayanta ta duba.

“Wannan ne mai bin ka?”

“A nan dai ake gani.”

“Yana amsa gaisuwa?”

Ɗan Wusasa ya yi ƙoƙarin riƙe dariya har hawaye ya fito masa. Inna ba ta yi dariya ba. Ta tambayi nawa ne. Auta ya faɗa. Ba ta gane adadin ba, ta ce in mayar mata da shi hula. Na ce ko da idonta na da ne, sai ta yi shekaru tana ɗinki ba ta taɓa ko sisi ba. Sai ta ce, “Shayin da na yi ta sha, ashe na bashi ne.” Daga ranar ba ta ƙara sa sukari a bakinta ba. Likita ya yi shekaru yana roƙonta ta bari saboda ciwonta tana ce masa to, sai ga gwamnati ta raba su a yini ɗaya.

Washegari ta bi gidajen maƙwabta ɗaya bayan ɗaya tana ba da haƙuri, wai ita ta jefa musu 'ya'ya cikin bashi da bakinta. Ta tarar kowa ya sani tun ranar farko, ita kaɗai ce ba ta sani ba a duk Kusfa. Wani Alhaji mai shagon hatsi ma ya ce mata ta kwantar da hankalinta, kuɗin gwamnati ai ba bashi ba ne, rabonmu ne ya biyo ta waya, kuma wa ta ga zai biya? Ta dawo gida tana salati. Ta ce ita duk zamanta tana sayen gero a wajen mutumin nan, ashe ba ta san shi ba.

Na ɗauka abin zai wuce kamar sauran rigimar tsofaffi. Bai wuce ba. Ita ma ta fara ramewa, gida ya zama ramammu biyu suna kallon juna. Wata rana da la'asar na je na same ta ita kaɗai, hula a cinya ba ta ɗinki. Ba ta dube ni ba, don Inna ba ta duban idona in za ta faɗi abin da ke ranta.

Ta ce, “Malama, yaron nan kullum yana bakin titi, motoci na wucewa ta gabansa. In Allah ya ɗauke shi gobe, aka fito da shi, liman ya yi tambaya, wa zai tashi? Waya ce za ta tashi? Shiru za a yi. Mutane su ce madalla, ɗan Malam ya bi sawun ubansa. Alhali shirun ƙarya ne. Ba mai cewa na yafe, ba wanda za a ce wa na ɗauka.”

Na ce na ji an ce in mutum ya rasu ana yafewa.

“Wa ya yafe? Da wane bakin? Kin ji da kunnenki?”

Ban ji da kunnena ba. Na zauna kusa da ita har aka kira magariba.

Bayan 'yan kwanaki ta aika a kira mata limamin unguwa da Baffa, ƙanin mahaifinmu. Suka zauna a zaure bayan la'asar, Auta yana gefe a tsugune bai san me ake ciki ba. Ita tana daga bayan ƙyaure, ni ina bayanta.

Ta ce, “Malam liman, Baffan yara, na kira ku ne ku yi shaida. An ce an yi wa yaron nan lamuni, ashe suna ne kawai. To ni zan yi masa na gaskiya. Bashin da ke kansa na lamunce. Daga yau yana wuyana. In ya riga ni, kada a tambayi kowa, ni za a tambaya.”

Auta ya ce, “Haba Inna!”

“Rufe mini baki, da manya nake magana.”

Liman ya yi gyaran murya, ya ce niyya ce mai kyau, Allah ya ba da lada, amma fa ita gwamnati ba ta san da wannan zama ba, sunan yaro ne a wajenta.

Inna ta ce, “Ai ba gwamnati nake sanar wa ba.”

Liman ya ce sun shaida, Baffa ma ya ce sun shaida, aka shafa fatiha.

Mun yi mata tsiya kam, ba zan ɓoye ba. Baffa in ya shigo sai ya ce ina babbar mai lamuni ta ƙasa. Jikoki suka riƙa zuwa suna cewa ta lamunce musu kuɗin alewa. Ni da kaina na ce mata yanzu ta zama babbar mace, gwamnati guda ke bin ta. Ta nemo tabarau, wanda da ta ce na masu son a ce sun yi boko ne, ta koma kan hula gadan-gadan. Ɗinkin ya fara karkacewa, dillalin huluna yana ƙorafi yana rage kuɗi, ita ko a jikinta. Abin da ta samu ta jefa a wani tsohon gwangwanin madara, na zamanin alfahari.

Abin da ban zata ba shi ne Auta. A takarda babu abin da ya canza, ko kwabo bai ragu ba, shi ma ya fi kowa sani, shi da ya karanta tattalin arziki. Amma yaron nan ya koma cin tuwo. Wuyansa ya koma daidai. Ya dawo majalisa, ya fara maganar haɗa kuɗi ya buɗe rumfar kansa, har ya ce mini in shirya a je gaisuwa Kwarbai bayan damina. Na tambaye shi me ya faru, ya sosa ƙeya ya ce shi ma bai sani ba, kawai dai yanzu in ya tuna bashin sai ya ji ba shi kaɗai ke riƙe da shi ba.

Ni kuwa Inna nake kallo. Matar da ta hana murfin gishiri kwana, ga ta tana kwana da bashin da ya fi kuɗin duk abin da ke ɗakinta. Shirun nan da take taƙama da shi, wanda na san tana fatan a yi mata irinsa, ta ɗauka ta ba da shi da hannunta, ba ta kuma sake ba baƙi labarin jana'izar Baba ba. Wata rana na ce, “Inna, kina kuwa iya barci?” Ta ce, “Ba sosai ba. Amma shi yana yi.” Ta ci gaba da neman ramin allura.

Ba ta ga ƙarshen daminar ba. Zazzaɓi ne ya haɗu da tsohon ciwonta, aka kai ta asibiti, aka dawo da ita, ta cika da safe bayan ta sha kunu. Gwangwanin yana ƙarƙashin gadonta, bai kai rabi ba.

Bayan azahar aka fito da ita. Mata sun cika ɗaki suna ba ni haƙuri, ni kuma hankalina yana waje. Mutum huɗu ne muka shaida ranar da ta ɗauki abin da ke wuyanta: ni, da liman, da Baffa, da Auta. Na san liman mutum ne mai kawaici, Baffa kuma ba zai so a ce matar wansa ta tafi da bashi a gaban jama'a ba. In suka yi shiru ba wanda zai zarge su. Za a ce madalla, a yi kabbara, Inna ta tafi da irin shirun da ta fi tsoro a duniya. Na miƙe na ratsa matan, na je na tsaya bayan ƙyauren zauren ciki.

Na ji liman ya yi tambaya, muryarsa ƙasa-ƙasa, kamar mai son a wuce wurin da sauri. Aka yi shiru.

Sai na ji muryar Auta. “Akwai.”

Sahu ya ɗauki gunaguni. Wani ya ce subhanallahi, Inna kuma? Na ji Baffa yana cewa ya bari a yi maganar a cikin gida.

Auta ya ce, “A'a Baffa, a gabanku ta ɗauka, a gabanku zan karɓa. Jama'a, ba ita ta ci ba. Bashin karatuna ne ta lamunce mini, ta ce yana wuyanta. Ku shaida na karɓi abina. Ya dawo wuyana, kuma in Allah ya yarda zan biya.” Sannan ya juya wajen liman ya ce, “Malam, don Allah a sake tambaya.”

Liman ya sake tambaya, wannan karon da ƙarfi, yadda har matan cikin ɗaki suka ji. Akwai mai bin ta bashi?

Na kasa kunne kamar yadda na ga ta yi. Ban ji komai ba sai kukan akuyar maƙwabta. Sannan aka yi kabbara, na koma ɗaki na fara kukana.